Yaya ake bikin ranar 1 ga Oktoba a gidajenku a da, kuma me ya saura a yau?

Ɗan Reluwe, Ƙauran Namoda:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga iyayenmu da yayyenmu da sa'o'ina, musamman mutanen Zamfara da Kebbi, amma sai na fara da abin da ya jawo ta.

Wata huɗu ke nan da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, bayan ya yi aikin jirgin ƙasa a tashar Ƙauran Namoda har zuwa lokacin da ya ajiye aiki. Da aka zo rabon gado, sai aka buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe da bai taɓa barin kowa ya sa hannu a ciki ba, muka tarar da takardun aikinsa da hularsa, da kuma wata 'yar tuta da ya naɗe a cikin ƙyalle, farinta har ya koma ruwan ƙasa saboda daɗewa. Ina ganinta na gane ta, domin ita ce yake ɗaurawa a kan kekensa duk ranar 1 ga Oktoba, ya goya ni a baya zuwa filin fareti.

A gidanmu tun jajibere ake fara hidimar wannan rana. Inna takan wanke kayan makarantarmu ta sa musu bula da sitaci, yayarmu ta hura gawayi ta zuba a dutsen guga ta goge su har karin wando ya tsaya cak, mu kuma mu zauna a tsakar gida muna shafa wa takalmanmu na kambas farin alli, muna roƙon Allah kada ruwan ƙarshen damina ya sauka da safe. Da gari ya waye, Baba yakan fito da rediyonsa zaure da ƙarfe bakwai domin jawabin shugaban ƙasa, kuma ba mai tari sai an gama, ko da yake mu yara ba mu fahimtar Turancin. Shi ne yake fassara mana abin da ya ga ya kamata mu ji. Idan muka dawo daga fareti mukan tarar an yanka zakara, ga dafaffiyar ɗanyar gyaɗa, ga furar sabon gero, domin lokacin ya yi daidai da shigowar kaka.

Kwanan baya na tambayi babban ɗana, mai shekara goma sha ɗaya, me ya sani game da ranar 1 ga Oktoba, sai ya ce mini rana ce da ba a zuwa makaranta. Amsar ta tsaya mini a rai, kuma ban ga laifinsa ba, domin ni ne ban nuna masa komai ba. Shi ya sa nake so ku ba ni labarin yadda ake yi a gidajenku daga zamani zuwa zamani, ku kuma faɗa mini abin da kuke ganin uba zai iya riƙe wa 'ya'yansa daga ciki a halin da muke ciki yanzu.

Tsohon Hedimasta, Talatar Mafara:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya albarkaci abin da ya bari. Idona ya yi rauni, jikana ne yake rubuta mini, ni kuwa ina faɗa.

Ina da shekara goma a duniya, ina elementare, aka ba Nijeriya mulkin kai ranar Asabar, 1 ga Oktoba, 1960. A lokacin ba a san wata jihar Zamfara ko Kebbi ba, dukanmu Lardin Sakkwato ne a cikin Jihar Arewa, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana kan gado, Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiya a Kaduna, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista a Ikko. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne, Arewa ta riga ta yi nata bikin samun mulkin cikin gida tun a watan Maris na 1959, saboda haka kalmar mulkin kai ba baƙuwa ba ce a kunnen iyayenmu. Malaminmu ya bayyana mana cewa da tsakar dare aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Ikko aka ɗaga tamu, kuma Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya. Ya ce kore yana nufin albarkar noma, fari kuma zaman lafiya, kuma wani ɗalibi ne daga Yamma, Taiwo Akinkunmi, ya zana ta.

Mu abin da ya shige mana rai shi ne an jera mu a gaban hakimi da dogarai, aka ba kowane yaro 'yar tuta da kofi mai tambarin ranar, aka ciyar da mu shinkafa da nama, wadda a wancan zamani sai da salla ake ganinta a gidajen talakawa irin namu. Da na kai kofin gida, mahaifina ya juya shi ya sake juyawa, sannan ya tambaye ni ko yanzu da Bature zai tafi an daina biyan haraji da jangali. Na ce malam bai faɗa ba. Sai ya miƙo mini kofin, ya ɗauki laujensa ya nufi gona, domin gero ya nuna kuma tsuntsaye ba su san da hutu ba. Mahaifiyata ce ta karɓi kofin ta sa shi cikin jerenta, kuma har yau yana hannuna.

Na kawo wannan ne domin in gaya maka gaskiya yadda na gan ta. Wannan rana ba ta taɓa zama kamar salla a ƙasarmu ba, ba a yi mata ɗinki, ba a yi mata yawon gaishe-gaishe. Ta ƙofar makaranta ta shiga gidaje. Gidan da yake da yaro a cikin fareti, shi ne gidan da uwa take kwana wanki da guga, uba ya rufe shago ko ya bar gona ya je kallo. Na ga haka da idona shekara da shekaru, musamman bayan 1976 da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka cika azuzuwa har muna karantar da wasu a gindin bishiya. Mako uku kafin ranar muke fara gwajin maci kowace yamma, hagu dama, hagu dama, da ganga ɗaya da usur, kuma yaron da aka zaɓa ya riƙe allon sunan makaranta, ranar nan ko ɗan sarki bai kai shi ƙasaita ba. Iyayen da suka yi ta ɓoye 'ya'yansu a rumbu don gudun boko, su ne na gani suna turereniya a bakin fili, kowa yana nuna nasa.

Shekarar 1978 ta ba mu wahala, domin an sauya taken ƙasa, sai da mu malamai muka fara haddace sabon sannan muka koya wa yara. Shekara ɗaya bayan nan, ranar 1 ga Oktoba, 1979, Janar Obasanjo ya miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari, kuma duk Jihar Sakkwato ta ɗauki abin nata, tun da yake mutuminmu ne kuma tsohon malamin makaranta. Ban taɓa ganin cikar fili irin ta wannan shekara ba. Sai ga shi a watan Mayu na 2024 an dawo da tsohon taken da muka rera a 1960, jikokina suka dawo daga makaranta suna ta lalube, ni kuwa na zauna a kan buzuna na rera musu shi daga farko har ƙarshe ba tare da na duba takarda ba. Ban san hawaye sun zubo mini ba sai da ƙaramarsu ta tambaye ni abin da ya same ni.

Shawarata ita ce ka je ka ga shugaban makarantar 'ya'yanka, kai da wasu iyaye, ku nemi a yi ko da ɗan ƙaramin fareti ne a harabar makaranta. Muddin yaro yana da abin da zai yi a ranar, gidan zai tashi da kansa.

Uwar Biyu, Tudun Wada, Gusau:

Ina yi maka ta'aziyya, Malam, Allah ya gafarta wa Baba. Ina kuma gaida Baba Hedimasta, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ya faɗa game da makaranta haka yake, amma ina neman izini in ce mu a Gusau akwai shekarar da wannan rana ta shigo gidajenmu ba ta hannun 'yan makaranta ba.

Ranar Talata, 1 ga Oktoba, 1996, ina aji biyar a sakandare. Mahaifinmu ma'aikacin gwamnati ne a Sakkwato, yakan zo mana ƙarshen wata ne kawai, domin tafiyar ta kai kilomita 200, kuma hutun ne ya kawo shi gida a wannan karon. An daɗe ana raɗe-raɗin za a ƙirƙiro sababbin jihohi, dattawan Zamfara kuma sun yi shekaru suna kai kuka, har wasu sun fid da rai tun da aka ba Kebbi a 1991 aka bar mu. Muna zaune a falo Janar Sani Abacha yana jawabi, sai ya sanar da jihohi shida, waɗanda suka zama Bayelsa da Ebonyi da Ekiti da Gombe da Nasarawa da Zamfara, adadin jihohin ƙasar ya cika 36. Mahaifina mutum ne mai kawaici ƙwarai, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma ranar ya miƙe tsaye ya yi kabbara, ya fita waje ko takalmi babu. Kafin hantsi gari ya ɗinke, masu babura sun soka ganye suna zagaye, makaɗa sun fito da kalangu, mata suna ta guɗa daga gida zuwa gida, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba kowa yana ce maka barka da arziki.

Mamarmu ba ta fita ba. Buhun shinkafar da aka ajiye don wata hidima ta buɗe, ta ɗora babbar tukunya, muka yi ta kai wa maƙwabta har la'asar. Abin da ya fi faranta mata rai, kamar yadda ta faɗa mana daga baya, shi ne maigidanta zai dawo gida da aiki, ta daina zullumin hanya duk wata. Haka kuwa aka yi, domin bayan an turo Kanar Jibril Bala Yakubu a matsayin kantoman farko, ma'aikata 'yan asalin Zamfara suka yi ta kwasowa daga Sakkwato, gidajen haya suka yi wuya, har zaurenmu sai da ya zama masaukin abokan aikin Baba uku na tsawon watanni.

Tun daga wannan shekara Mama ta mayar da dafa abincin maƙwabta al'adar gidanmu. A 2006 da 2007 ranar ta faɗo cikin azumi, sai ta mayar da shi abincin buɗa-baki, aka kai masallacin unguwa. Ta rasu shekara shida da suka wuce, ni ce na gaji tukunyar, kuma ko da tsadar kayan abinci ta sa na rage yawan abin da nake dafawa, ban taɓa fashi ba. Tagwayena su ne 'yan aike, kuma kowace shekara kafin su ɗauki kwanuka sai na ba su labarin ranar da kakansu ya fita ba takalmi. Yanzu sun haddace shi har suna gyara mini idan na tsallake wani wuri. A ganina, Malam, ka riga ka samu abin da kake nema a cikin akwatin nan, saura ka buɗe baki ka ba da labarin mai tutar.

Ɗan Iyaka, Kamba:

Allah ya jiƙan magabatanmu. Mu a Kamba muna bakin iyaka ne, kuma gidanmu yana da ranaku fiye da ɗaya. Mahaifiyata 'yar Gaya ce ta Jamhuriyar Nijar, wadda ta sami mulkin kai daga Faransa ranar 3 ga Agusta, 1960, wata biyu kafin Nijeriya. Can kuwa al'adarsu ita ce a dasa itatuwa a wannan rana, tun da ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da ƙasa take da laima kuma dashe yake kamawa. Muna yara mukan tafi wurin kawunnanmu idan an yi hutun makaranta, kuma Kawu babba ba ya barin ɗayanmu ya dawo sai ya dasa wani abu da hannunsa ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Inna ta kawo wannan al'ada gidan aurenta. Sai ga shi ranar 27 ga Agusta, 1991, Janar Babangida ya cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama hedikwata, masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru suka dawo ƙarƙashin inuwa ɗaya. Dogon yaron da Inna ta dasa a ƙofar gidanmu cikin wannan wata, shi muke kira sa'an jiha, kuma a inuwarsa ake ɗaura auren duk wata 'ya ta gidan. Ranar 1 ga Oktoba kuwa, bayan mun dawo daga maci, Baba yakan zagaya da mu a duba dashen Agusta, a ga wanda ya kama da wanda ya mutu, a raba wa kowane yaro bishiyar da zai riƙa yi wa ban ruwa har rani ya wuce. Na yi fareti sau biyar, kuma ban iya tuna ko makarantarmu ta taɓa cin kofi ba, amma mangwaron da aka damƙa mini ina aji uku har yanzu 'ya'yana suna shan 'ya'yansa.

'Yar Gudun Hijira, daga ƙasar Zurmi:

Ina gaida iyayena da yayyena, ina kuma roƙon a yi mini afuwa idan maganata ta rage daɗin hirar. Shekarata ashirin da biyu, kuma ban taɓa yin fareti ba. Labarinsa kawai na ji a bakin mahaifina, wanda yakan ce shi ne mai buga wa makarantarsu ganga. Kafin in kai ajin da ake zaɓen masu maci, taro a fili ya zama abin tsoro a yankinmu saboda 'yan bindiga, daga baya ma muka bar ƙauyenmu da dare, muka bar gero a tsaye ba mu girbe ba. A 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairu da abin da ya biyo baya, an rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar cikin watan Satumba, muka yi makonni ba mu san halin da danginmu suke ciki ba.

Duk da haka mahaifina bai daina kunna rediyo da safiyar 1 ga Oktoba ba, kuma idan an gama jawabi yakan tara mu ya ambaci sunayen mutanen garinmu da aka rasa ɗaya bayan ɗaya, mu yi musu addu'a, sannan ya roƙa wa ƙasa zaman lafiyar da aka ce farin tuta yana nufi. Wannan shi ne bikinmu. Ina roƙon duk wanda zai dafa wani abu a ranar ya tuna da waɗanda suke zaune a kangwaye da gidajen aro a Gusau da Ƙaura, domin yaransu ma suna jin ƙanshi.

Ɗan Reluwe, Ƙauran Namoda:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ƙanwata, babu abin da za a yi miki afuwa a kansa, maganarki ce ta fi taɓa ni, Allah ya jiƙan waɗanda kuka rasa, ya mayar da ku gida lafiya. Akwai iyalai biyu daga wajenku a bayan layinmu, kuma na yi magana da maiɗakina cewa bana da su za a fara rabon abinci, kamar yadda Hajiya take yi a Gusau. Na kuma nemi dashen mangwaro guda uku, ko da yake na san damina ta kusa ƙarewa, sai dai yaran su dage da ban ruwa.

Daren jiya na fito da tutar na nuna wa 'ya'yana, na ba su labarin keken kakansu, kuma ba su bar ni na kwanta ba sai da na nuna musu yadda ake maci a tsakar gida. Baba Hedimasta, zan ga shugaban makarantarsu a wannan mako in sha Allahu. Ina kuma neman alfarma, idan hanya ta yi kyau, in kawo su Talatar Mafara su gaishe ka, su ga kofin 1960 da idonsu.

Tsohon Hedimasta, Talatar Mafara:

Ƙofa a buɗe take, ɗana. Ku taso da hantsi, ku koma kafin la'asar, kada yamma ta yi muku a hanya. Ka zo da tutar in gani, amma ka gaya wa maiɗakinka kada ta wanke ta, domin ƙyallen da ya kai waɗannan shekaru yana shiga ruwa zai yage.